Takardun da Na Zare daga Littattafan Baba

Na san maganar da kuke ji idan kun je Jahun gaisuwar sallah. Wasu su ce ubanku ya kwashe littattafan kakanku ya sayar wa baƙi, wasu su ce gwamnati ya kai wa, aka dawo da rabi. ’Yar’uwarku Hadiza ta taɓa tambayata sau ɗaya, na daka mata tsawa, tun daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaga zancen a cikinku. To yanzu da na ajiye aiki, ku ji daga bakina. Ban sayar da komai ba. Ko falle ɗaya bai ɓata ba, duk suna nan a Jahun cikin gafakokinsu na fata. Amma ɓarnar da na yi musu, da ɓarawo ne ya shiga ya ɗauki uku ko huɗu ya gudu, da abin ya zo mana da sauƙi.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Baffanku, Yaya Malam Habibu, shi ya zauna a gabansa ya sauke littafi bayan littafi, har ya gaji zauren da ɗalibansa da masu kawo tambaya daga ƙauyuka. Ni kuwa boko aka sa ni. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa Larabci ɗan abin da zan haɗa baƙi in yi tuntuɓe in wuce, daga nan sai makarantar kwana. Na ƙare a ɗakin karatu na wata babbar makaranta a nan Dutse, inda na shafe shekara da shekaru tsakanin kantoci da akwatunan kati. A gida ana yi mini kallon mai tsaron littattafan da bai karanta ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin yana ci mini rai, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Da furfura ta cika mini gemu sai kwamfuta ta shigo mana. Aka ware babban ɗaki aka jera su, aka ce daga yanzu mujallu da littattafai dubbai suna ciki, sai dai mutum ya iya nema. Yaran ofishinmu suka fara yi mini kallon tsohon kaya. Ni kuma kun san halina, ba na son raini. Na zauna na koya, yatsa ɗaya ina caka haruffa, har na wuce su, aka wayi gari ni ake turo wa sababbin ɗalibai in koya musu yadda ake shiga rumbun littattafan da ke cikin kwamfutar. Aikin ya shiga raina ƙwarai. Sai in tsaya a gaba, janareto yana ruri a waje, in ce su rubuta kalma ɗaya a akwatin nema, su ga abu ya zubo har ya fi ƙarfinsu, sannan in nuna musu yadda ake tacewa da shekara, da sunan marubuci, da fanni, har a sauko kan guda biyar masu amfani. Manyan malamai kuwa ba sa zuwa da ɗalibai. Sai ɗaki ya watse su leƙo wai gaisuwa suka zo, su riƙe linzamin kwamfuta kamar an ba su garwashi, ni kuma in rufa musu asiri. Akwai maganar da nake rufe kowane darasi da ita, har ɗalibai suka mayar da ita sunana a bayan idona: a nan babu abin da ke ɓata, sai dai ba ka iya nema ba.

Wata rana wata ɗaliba ’yar Buji, da aka ba ta aiki kan yadda malaman ƙasarmu suke karantarwa, ta bi duk matakan da na koya mata. Ta rubuta Jahun, ta rubuta Dutse, ta juya kalmomin ta kowace fuska, abin da ya fito bai wuce rahoton rijiyoyin burtsatse da na cutar cizon sauro ba. Ta juyo ta dube ni.

“Baba, wai mu ba mu taɓa rubuta komai ba ne?”

Maganar nan ta kwana ta tashi da ni. A shekarar ne kuma aka kawo mana na’urar ɗaukar hoton takardu, shugabar ɗakin karatun ta ce tana son mu buɗe namu rumbun na rubuce-rubucen gida. Nan take zuciyata ta tafi Jahun. Zan ɓoye muku ne? Ba don ’yar Buji kaɗai ba. So nake a wayi gari a ce ɗan bokon nan shi ya fitar da Baba duniya ta gani. Da na kawo wa Ummanku zancen a gidanmu na Yalwawa, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Malam, littattafan nan fa ba kai ka san su ba.”

“Shekara nawa ina aikin littafi, Binta?”

“Na kanti. Waɗannan na zaure ne. Ka bar wa Yaya kayansa.”

Na ce mata ta tsaya a kan shinkafarta. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa tuna mini ba daga baya, kuma shirun nata ya fi zagi zafi.

A lokacin idon Yaya ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba irin yanar da ake cirewa ba, abin da ya tafi ya tafi. Yakan ɗora falle dab da hancinsa a bakin ƙofar zaure inda haske ya fi, ɗalibai suna jira. Babban tsoronsa kada karatun Baba ya tsaya a kansa, don a cikin ’ya’yansa babu wanda ya yi nisa tukuna. Ta nan na shigar masa. Na ɗauki hoton falle ɗaya da wayata, na buɗa shi da yatsu biyu har harafi ɗaya ya cika fuskar wayar. Ya daɗe yana kallo.

“Sule, wannan alif ɗin Baba ne. Rabona da ganinsa sarai haka, na manta.”

“Duk za ka gan su haka, Yaya. A kwamfuta ma sun fi girma. Ni zan koya maka da kaina.”

“To ka ɗauka. Amma yadda ka ɗauke su, haka za ka dawo mini da su.”

Na rantse masa. Kuma Allah shaida ne, na kula da su yadda ban taɓa kula da wani abu ba. Ban bar kowa ya taɓa ba, da alwala nake zama. Littattafan namu ba ɗinkakku ba ne, falle-falle suke, ba lambar shafi, sai kalmar da ake rubutawa a ƙasan kowane falle wadda za ta buɗe na gaba. Na bi wannan ɗaya bayan ɗaya, ban yarda ko guda ya tsallake ɗan’uwansa ba. Sai dai a tsakanin fallayen akwai wasu ƙananan takardu birjik. Wata kamar tafin hannu, wata ba ta fi yatsu biyu ba, wata bayan ambulan ce, wata yagaggen buhun siminti, wasu ma an ɗaure su da zare a gefen falle. Duk da rubutun Baba, layi biyu ko uku. A aikinmu akwai doka, ni ma na koyar da ita ba sau ɗaya ba: kafin a ɗora littafi a na’ura, sai an raba shi da duk baƙon abu, allura ce, zare ne, ko guntun takardar da mai karatu ya manta. Ban ko tsaya tunani ba. Na zare su a hankali, masu zare na sa reza na yanke, na tara su duka a babban ambulan guda. Don ma kada a ce na yi sakaci, na ɗauki hotonsu su ma, na zuba a fayil ɗaya, na sa masa suna ƙananan takardu daban-daban. Na tuna har na tsaya na yaba wa kaina tsabtar aikin.

Da aka gama, na ɗauko Yaya a motar haya ranar wata Asabar da hantsi, lokacin ba ɗalibai. Na zaunar da shi gaban kwamfutar da ta fi kowacce faɗin fuska, na fara darasina yadda na saba. Na ce ya faɗi sunan littafi in nuna masa inda ake rubutawa.

“Buɗo mini na baƙar gafaka.”

“Yaya, ba ta san gafaka ba. Suna take so, ko marubuci.”

“To ashe ba ta san littafin ba. Na fiƙihun nan, wanda gefensa ya sha ruwa.”

Muka yi dariya. Na buɗo masa, na ɗora hannunsa kan linzami, na nuna masa inda zai danna ya ci gaba da inda zai danna ya koma, da yadda zai ƙara girman rubutu. Wallahi duk manyan malaman da na koya wa babu wanda ya kama da sauri kamarsa. Yana dannawa yana karantawa a fili, muryarsa ta dawo irin ta da, har na ga yana goge ido da hannun riga. A raina na ce yau dai na zama ɗa a gidanmu. Ya wuce zuwa babin ruwa, ya karanta falle guda, ya danna gaba, ya dawo baya, ya sake danna gaba. Sai ya saki linzamin.

“Ina ƙaramar?”

“Wace ƙarama?”

“Ta rijiya. A nan Baba ya sa ta, tsakanin wannan da wancan. Mai zare ja.”

Ni da bakina, har da murmushi, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a nan babu abin da ke ɓata. Na rubuta sunan fayil ɗin, na danna, ƙananan takardun suka jeru a gabansa reras, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Ya matso da fuskarsa. Ya ce in wuce, na wuce. Ya ce in ƙara, na ƙara. Can ya koma ya jingina da kujera.

“Wa ya tara su wuri ɗaya?”

“Ni ne, Yaya. Hoton ne kawai, na ainihin suna nan a ambulan, ko ɗaya ba ta yage ba.”

“Ka rubuta inda ka zaro kowacce?”

Ban rubuta ba, ko na guda ɗaya.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. A hankali ya yi mini bayanin abin da kowane ɗalibin zauren ya sani, ni ɗan gidan ban sani ba. Littattafan kansu ba Baba ya wallafa su ba, kwafa ya yi, ana sayar da irinsu bugaggu a kasuwa. Abin da yake na Baba shi ne ƙananan takardun nan. Duk inda malaminsa ya yi masa wani bayani da ba ya cikin littafi, duk inda manomi ko makiyayi ya kawo tambayar da littafi bai hango ba ya bincika ya yanke, sai ya rubuta a guntuwar takarda ya soke a daidai wurin. Ba ya rubuta sunan littafi, ba ya rubuta babi, ba ya ma maimaita tambayar. Me zai sa ya maimaita, ga ta nan a fallen da takardar take kwance a kai? Shi ya sa za ka ga wata ta fara da amma a ƙasarmu, wata ta ce wannan idan da rani ne, wata ba ta wuce ba haka ba ne, duba gaba. Yaya ya ce:

“Sule, ba a takardun karatun yake ba, a inda ya sa su yake. Shekara arba’in yana sa su.”

Na mayar da shi Jahun. Da muka isa ya ce in shigo in ci abinci.

Na yi duk abin da ɗan ɗakin karatu zai iya. Na koma cikin hotuna ko akwai wanda na ɗauka kafin in zare, babu ko ɗaya, tsabtar aikina ba ta bar shaida ba. Na bi ramukan zare a gefen fallaye, na dace da kaɗan. Na gwada bin launin tawada da shatin da takarda ke bari idan ta daɗe a wuri, ya fi ɓatar da ni. Abin da ya rage shi ne kan Yaya. Saboda haka duk Asabar sai in hau mota in tafi da ambulan, mu zauna a zaure bayan ɗalibai sun tashi, in zaro takarda in karanta masa da gurguwar Larabcina, yana gyara mini, sannan ya ce wannan ta littafi kaza ce, babi kaza, in nemo in soke. Da farko abin ya yi gudu, har na fara sa rai. Waɗanda yake bi ta kansu kowace shekara yana jin kalma biyu zai ƙarasa sauran. Amma akwai manyan littattafan da sai an shekara biyar ba a kai gare su ba, akwai kuma mas’alolin da ba a kawo irinsu ba tun Baba yana da rai. Waɗannan bai haddace ba, don bai taɓa zaton akwai buƙata ba. Ya san dai idan ya isa wurin zai tarar da Baba yana jiransa. Da damina ta tsaya a shekarar, sauran hasken idonsa ya ɗauke gaba ɗaya, kwamfutar da na yi masa alkawari sau ɗaya tak ya zauna a gabanta.

A Dutse kuwa yabo ake ta yi mini. Duk baƙon da ya zo makarantar sai an kawo shi ɗakina in nuna masa rumbun rubuce-rubucen gida, in buɗo littafin Baba in ƙara girman harafi a yi ta mamaki. ’Yar Buji ta dawo ta rubuta aikinta da shi, ta zo har ofis ta yi mini godiya, na rasa inda zan sa fuskata. Na ci gaba da koyarwa don ba ni da wata sana’ar, ina nuna wa yara akwatin nema da yadda ake tacewa, amma bakina ne kawai ke yi. Maganar da nake rufe darasi da ita na daina, har wani ɗalibi ya tuna mini wai na manta, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Wani lokaci idan ɗaki ya watse sai in buɗe fayil ɗin nan in yi ta kallo. Kowa a duniya zai iya buɗe shi ya karanta kowace kalma da Baba ya rubuta, tar, ya kuma tashi bai san komai ba.

A Jahun ɗalibai suka lura. Za a kai wani wuri a karatu, Yaya ya ce wa mai ja masa baƙi ya karanto ƙaramar takardar da ke nan, a ce babu, ya ce a wuce. Daga nan zancen sayarwa ya samo asali. Yaya ya hana, ya ce duk wanda ya ƙara faɗa kada ya sake zama a zaurensa, amma bai taɓa gaya musu abin da ya faru ba, don kada a ce ɗan Malam bai san abin da yaran zaure suka sani ba. Ni kuma na bar shi ya rufa mini asiri, na gwammace a kira ni ɓarawo da a kira ni jahili. Wannan ma ku rubuta shi a cikin laifina.

Zamanmu na ƙarshe a kan ambulan ɗin, bayan la’asar ne, kaka ta yi, ana ta shigo da gero gari. Fiye da rabin takardun suna ciki har lokacin. Na zaro wata ’yar siririya, rubutun ya nutse a takardar kamar an danna alƙalami da fushi. Rabi Larabci, rabi ajami. Ma’anarta ita ce: a’a, malamina ya hana, ni ma na hana, kada wanda ya zo bayana ya sassauta a nan.

“Sake karantawa,” in ji Yaya.

Na sake. Ya miƙo hannu na ba shi, ya shafa ta gaba da baya, ya shafa gefen ko akwai ramin zare. Babu. Ya jero mini wurare huɗu da take iya zama, a aure, a yanka, a gado, a ruwa, kowanne ya kawo sai ya girgiza kai da kansa.

“Baba ya hana wani abu, Sule. Da ƙarfi ya hana. Ban san ko mene ne ba.” Ya miƙo mini takardar. “Wataƙila ina nan zaune ina halatta wa mutane shi.”

Na ce masa Allah ba zai kama shi da abin da bai sani ba. Ya ce ya san da haka, amma yanzu ai ya san akwai abin da bai sani ba.

Ban koma Dutse a ranar ba. Washegari da safe muna zaune, ambulan yana kan cinyata, sai ga wani dattijo makiyayi ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Daga wajen Buji ya taso tun asuba. Ya ce saniyarsa ce ta faɗa rami, suka yanka ta tana numfashi sama-sama, mutanen ruga sun rabu biyu, nama yana nan a rataye ba wanda ya taɓa, an ce a zo a ji daga bakin Malam. Na ga leɓen Yaya ya motsa, amsar tana bakinsa, na tabbata ya ba da irinta sau ɗari. Sai ya juyo da fuskarsa wajen da nake, wajen ambulan ɗin.

“Ka yi haƙuri, bawan Allah,” ya ce. “Akwai malami a bayan kasuwa, je ka tambaye shi.”

Dattijon ya ɗauka bai ji daidai ba, ya dube ni. Ni na tashi na raka shi har bakin hanya, na nuna masa kwanar da zai bi.